Na Je Ɗauko Ummi Daga Cikin Taɓo

Ranar da na dawo, bayan la'asar, waɗanda suka cika mini tsakar gida su ne Hajiya Balaraba mai atamfa, da Gwoggo Asabe ƙanwar marigayi maigidana, da Talatu matar Ɗanjuma mai haƙar rijiya, da Mama Odile ta bayan katanga, da Malama Zainabu ta islamiyya. Kawu Isa ya tsaya a zaure bai shigo ba, amma na san kunnensa yana ciki. Tambayarsu ɗaya ce: ina Ummi? Na ce na gaji, su bar ni in sha ruwa. Tun daga ranar ba ni da sakat, a Kasuwar Kilomita Biyar ta nan Bangui a tare ni, a gidan suna a tare ni. Shi ya sa na zaunar da Malama Zainabu da alƙalaminta. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma na gargaɗe ta, abin da na faɗa shi za ta rubuta, in ta ƙara gishiri zan ji shi a bakin masu karantawa.

Ummi jikata ce, 'yar ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, Babba nake ce masa. Haƙar rijiya da yasarta ita ce sana'arsa, shi da Ɗanjuma. Ummi tana da shekara uku aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a unguwar Kokoro. Suka yi abin da iyayen gidansu suka koya musu: suka zura fitila da igiya, ta sauka har ƙasa tana ci, ta dawo tana ci. Babba ya sauka. Ɗanjuma ya ji ƙarar shebur a laka sau biyu, daga nan shiru. Da aka fito da shi babu ko ƙwarzane a jikinsa. Rigarsa tana warin baragurbi, zoben azurfarsa kuma, wanda da safe yake fari tas, ya koma baƙi ƙirin. Aka ce rijiyar tana da masu ita. Wata tsohuwa ta raɗa mini cewa irin wannan abu jini yake bi. Na ƙulle zoben a tsumma, na riƙe yarinyar da hannu biyu, ko guga ban taɓa bari ta ja ba.

Ta yi karatu har ya fi ƙarfin Bangui, ta wuce Kamaru. Ban hana ba. Sai wata rana Hajiya Balaraba ta miƙo mini waya, ga Ummi cikin baƙin taɓo har cinya, tana dariya. Na sa aka kira ta. Ta ce, "Kaka, tsutsar bakin teku nake nazari. Taɓon wari ne da shi kamar baragurbi, amma na saba." Ban ji sauran maganar ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kawu Isa ya ce zai yi mata faɗa a waya. Na ce zuwa da kai ya fi aike, ni zan je in ɗauko ta, ko tana so ko ba ta so.

Mota ta ɗauke mu bayan asuba, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muna bakin gari, wai ana jiran manyan motoci su haɗu a tafi tare. Kusa da ni wata mata ce, Mama Solange, da kwandon makongo, busassun tsutsotsin nan na itace da suke sa wa a miya. Ta tambaye ni da Sango, yaren ƙasarmu, ina na nufa, na gaya mata. Ta yi dariya har da buga cinya.

"Karatun tsutsa? Mama, ki turo mini ita, ni zan koya mata a kwana ɗaya. Man ja da albasa, shi ke nan!"

Na ce, "Taki a kwando take. Tawa ita ce za ta ci mini jika."

Ta daina dariya. Da taya ta fashe mana gaba da Yaloké, muka zauna a rana direba yana zagin ƙarfe da Larabcin Cadi, ita ce ta kare ni da zaninta na yi sallar azahar. A Bouar muka kwana, a rumfar mata ta wani masallaci. Na ci rogo da ƙuli, ban yarda da naman tasha ba.

A iyaka aka ce kowa ya sauke kayansa. Wani ɗan duwan, wato kwastan, mai tsukakken wando ya nuna ƙullina. Na ce daddawa ce. Bai yarda ba, ya kwance, ya cusa hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taku uku yana tari, abokan aikinsa suna ta ƙyaƙyata masa dariya. Ya ce da Faransanci wai me ya mutu a ciki. Na ce Solange ta gaya masa, da uwarsa ta san ta da bai rame haka ba. Ban san abin da ta fassara ba, amma ya buga mini hatimi da sauri. Daga tsallaken nan Sango ya mutu mini a baki, sai Fulatanci da Faransanci. Allah ya taimake ni Hausa ba ta da iyaka, duk inda aka gasa nama akwai mai jin ta.

A Garwa Bulai na sauka gidan Hajiya Mairo, maƙwabciyarmu da ta bar unguwa shekarun tashin hankali ba ta koma ba. Ta yi mini tuwon masara da miyar kuka, ta hana ni hutawa da tambaya: wane ne ya buɗe shago a Titin Koudoukou, mangwaron ƙofar gidanta yana nan? Na ce an sare. Ban iya ƙarya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe.

Motocin Kamaru kuwa wani iyayi gare su, kowa da lambar kujerarsa a takarda. Ni na shiga na zauna gaba, inda zan ga hannun direba. Wani mai kwat ya zo yana nuna mini takarda. Na ce masa ni ba na karatu, amma furfura kowa yana karanta ta. Ya koma baya. Haka muka wuce Bertoua, muka wuce Yawunde, direba bai isa ya yi gyangyaɗi ba, ina ganin kansa ya sunkuya nake tari.

Ummi ta tare ni a tashar Duwala, cikin ruwan sama. Garin nan ba a gaisuwa, mutum ya taka ka ya wuce. Ta durƙusa har ƙasa, ta rame, ta yi baƙi. Kafin ta ce sannu da hanya na ce, "Haɗa kayanki na zo yi."

Ta ce, "Kaka, ki huta tukuna."

Muka ƙara tafiya zuwa wani ƙauyen masunta. Can na ga teku. Koginmu Ubangi sau ɗaya yake cika a shekara kamar mai hankali. Wannan kuwa sau biyu a rana yake tafiya ya dawo, in ya tafi ya bar baƙin taɓo iya ganinka, da itatuwa masu tsayuwa a kan saiwa kamar gizo-gizo. Iska ta juyo, warin ya buge ni. Shi ne. Shekara ashirin da huɗu ban manta shi ba. Na zauna a kan wani kwalekwale da aka kife.

Gidan aikinsu ɗakuna biyu ne da rumfa mai tagogi a buɗe. Abokiyar aikinta, Madam Ngono, mace ce mai jiki da murya, ta kawo mini rogo naɗe a ganye, da wata miyar ganye mai ɗaci kamar shuwaka, da kaguwa. Na ci rogon, na mayar da kaguwar, abin da ke tafiya a karkace ba zai shiga cikina ba. Na ba ta daddawa. Ita ta san mutunci, ta shinshina ta ce a ƙara mata.

Washegari da safe Ummi ta kai ni rumfar. Kwalabe ne jere a kan tebur, kowace a toshe tam, a ciki ruwa da tsutsa jajaye masu tsawon yatsa. Ta ce sun zuba musu gubar nan mai wari da awo, kuma kowace kwalba da sa'ar da za a buɗe ta. Ta ce, "Kaka, don Allah kada ki taɓa komai. Wata biyu muna shirin wannan." Suka tafi ɗaya ɗakin ita da Madam.

Na zauna ina kallo. Wata tsutsa ta hau jikin kwalba ta zame, ta sake hawa ta zame. A rufe, cikin wari, ba mai jawo ta. Ku da kuke karantawa ku ce wauta ce, na yarda. Amma ni ba tsutsa nake gani ba. Na tashi na ɗauko baho, na cika shi da ruwan randa mai sanyi, na cire murafen ɗaya bayan ɗaya na juye su ciki. Wani ɗan akwati rawaya da ke rataye a bango ya fara tsuwwa kamar an taka ɗan tsako. Suka shigo a guje, Madam ta fizge ni waje.

Da warin ya fita muka koma. Tsutsotsin sun kumbura, sun yi fari, ba mai motsi.

Madam ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah da yarensu. Ummi ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kaka, 'yan ruwan gishiri ne. Gubar ba ta kashe su ba. Ruwanki mai daɗi ne ya kashe su."

Tunda nake ba a taɓa kama ni da ɓarna a gidan wani ba. Na ce nawa ne suka rage. Ta ce babu, kuma inda ake samunsu sai ruwa ya janye sosai, gobe ce rana ta ƙarshe, in ta wuce sai an jira mako biyu, kayan awonsu kuma na aro ne. Sai ta share ido ta ce, "Ba komai. Dama tafiya kika zo mu yi. In kin ce in bi ki, zan bi ki, ba zan yi miki musu ba."

Na ce, "Za ki bi ni. Amma ba na barin ɓarna a bayana. Abin da na kashe zan mayar, sannan mu tafi."

Washegari da hantsi wani tsohon masunci, Papa Ekwa, ya tuƙa mu a jirginsa har bakin taɓon. Ya ga na ɗaure zani zan sauka, ya ce wa Ummi wani abu. Ta ce wai tsohuwa ta zauna a jirgi. Na ce ta tambaye shi wa ya girmi wani. Taɓon ya haɗiye ni har gwiwa, ya cinye mini takalmi ɗaya, har yau yana can. Ummi ta rataya akwatin nan rawaya a wuya, ta tsayar da mu inda iska ke bugo bayanmu. Ta nuna mini 'yan ramuka da ɗan tarin kashi a bakinsu. Su suna haƙa da shebur, rabin tsutsar a gutsure take fitowa. Ni na ajiye shebur. Wadda ta shekara hamsin tana tsince tsakuwa a kalwa ba ta buƙatar ƙarfe. Na zura hannu har kafaɗa, na bi ramin da yatsa a hankali, na zaro ta ɗungurungum. Madam ta yi guɗa irin tasu. Kafin ruwa ya juyo na cika musu bokiti biyu.

A cikin jirgi na ɗebi ruwa ina wanke hannu, sai na ga munduwata. Azurfa ce, ta uwata, ban taɓa cire ta ba. Ta yi baƙi ƙirin.

Na kwance tsumman da ke ƙuguna, na ajiye zoben kusa da ita a kan cinyata. Baƙinsu ɗaya. Ummi ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta gane.

"Na Baba ne?"

Na ce, "An ce masu rijiya ne suka taɓa shi."

Ta ce, "Kaka, duk azurfar da ta haɗu da wannan warin baƙi take yi. Ko cokali ne." Hausarta ta 'yan Kilomita Biyar ce, rabi Sango, tana yi tana neman kalma, amma na fahimta. Ta ce duk inda abu ya ruɓe a laka babu iska, ko bakin teku ne, ko masai, ko tsohuwar rijiya, wannan gubar tana taruwa ta kwanta. In an caka lakar sai ta tashi gaba ɗaya. Kaɗan daga cikinta hanci yana ji. In ta yi yawa hancin ne yake fara mutuwa, mutum ya ɗauka warin ya tafi.

Na ce, "Fitilar fa? Ɗanjuma ya rantse tana ci."

"Gaskiya ya faɗa. Fitila rashin iskar numfashi kawai take nunawa. Gubar da za ta kayar da ƙato ba ta isa ta kashe fitila ba."

Papa Ekwa yana ta tuƙi, bai san me muke cewa ba. Na nuna bokitin da haɓa. Na ce, "To waɗannan 'yan banzan, me ya sa su ba ta kashe su?"

Nan fuskarta ta canza, irin yadda ta ubanta take yi in ana zancen inda ruwa yake a ƙasa. Ta ce, "Rogo mai ɗaci, ya kike yi da shi?"

Na ce a jiƙa shi kwana uku, dafin ya fita. Wa bai san wannan ba?

Ta ce to tsutsar a cikin jikinta take nata jiƙon. Tana da wani sinadari da ke kama gubar, ya haɗa ta da iskar numfashi, ya mai da ita abin da ba ya cutarwa, ta fitar. Amma ba kullum take tara shi da yawa ba, don yin sa yana cin ƙarfi. Yadda ake yin sa a rubuce yake a cikin ƙwayoyin halittarta, abin da ta gada kaka da kakanni, kamar littafi mai shafi dubbai. Akwai masu tsaron littafin. In guba ta ƙaru sai su ji, su buɗe wannan shafin, a yi ta dafa sinadarin. In ta ragu su sassauta.

Na ce, "Wato ba a ɗora babbar tukunya sai an ga baƙi."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce shi ke nan, na gama jami'a. Aikinta shi ne ta gano su wane ne masu tsaron, da sa'o'i nawa suke ɗauka kafin su buɗe. Dalilin kwalaben ke nan, kowace da sa'arta.

Na ce, "Mutum ba shi da shafin?"

"Yana da shi. Ni ma, ke ma, Baba ma. Amma tukunyarmu ƙarama ce."

Na daɗe ina juya zoben. Sannan na yi tambayar da na ɗauko tun daga Bangui ban san na ɗauko ta ba. Na ce, "Da nasa ya buɗu da wuri, da ya fito?"

Da ta so ta zauna ta hanyar daɗin baki, nan ne wurin. Ba ta yi ba. Ta ce, "A'a, Kaka. Ta yi yawa, kuma lokaci ɗaya ta zo. Ko tsutsar nan in aka wuce mata iyaka mutuwa take. Kuma kada in yi miki ƙarya, aikina ba magani ba ne, ban san ko zai zama ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ba wanda ya kira shi, ni ma ba abin da yake kirana. Ni na zo da ƙafata, don in san abin da ya shiga tsakanina da ubana."

Kwana uku na ƙara. Suka sake jera kwalabe, ni kuma na zauna bakin rumfar da carbina, ko kaza ban bari ta gifta ba. Na lura da ita kamar yadda nake lura da mai auna mini kalwa. Ba ta buɗe kwalba sai taga a buɗe, ba ta shiga taɓo ita kaɗai, akwatin nan ba ya barin wuyanta. Ta nuna mini aikinsu na baya a kwamfuta, wasu sanduna a tsaye, gajere, sai dogo, sai wanda ya fi shi. Ta ce buɗewar shafin ke nan. Ban iya karatu ba, amma na san hawa in na gan shi.

Ranar tafiya na fito na tarar ta ɗaure akwatinta ta ajiye a bakin ƙofa, ta sa mayafi. Madam tana gefe ta kumbura fuska. Na ce, "Wannan kayan na wane ne?"

"Kin ce zan bi ki."

Na ce, "Mai da shi ciki. Wa zai buɗe kwalbar azahar, ni?" Ta faɗo jikina. Na ce ta tashi, ba na son sakarci a gaban baƙi. Na ce abu ɗaya za ta ba ni, abin da ke ganin abin da fitila ba ta gani. Akwatin rawaya ba nata ba ne. Sai ta ba ni wasu 'yan siraran farar takarda a kwalba, ta ce a ɗan jiƙa, in gubar tana wurin za su yi duhu. Ta maimaita mini sau uku cewa fari ba izini ba ne, amma baƙi hani ne.

Dawowa ba ta da labari, sai dai ɗan duwan nan ya gane ni, ya ɗaga hannu tun daga nesa ya ce in wuce.

To, ranar da na sauka, da mata suka tashi tafiya ba su sami amsa ba, na ji Talatu tana ce wa Gwoggo Asabe za ta je ta jiƙa gero, gobe maigidanta yana da sammako, an ba shi yasar wata rijiya a Kokoro da aka shekara ba a buɗe ba.

Da na idar da asuba na hau babur, abin da na rantse ba zan taɓa yi ba. Na same su sun ɗage murfi, Ɗanjuma ya tuɓe riga, gemunsa fari fat, yana ɗaura fitila a igiya. Ya gan ni ya rusuna.

"Iya, lafiya? Yaushe a gari?"

Na ce ya ba ni igiyar. Na sa aka kawo doguwar gora aka caccaki lakar daga sama, kowa ya ja baya. Na jiƙa takarda ɗaya, na ɗaura a gindin fitilar, na ce ya zura. Ƙaninsa yana murmushi, mai gidan yana duba agogo. Muka jira. Ɗanjuma ya jawo a hankali.

Fitila tana ci. Takardar ta yi baƙi kamar gawayi.

Na ciro zoben na ajiye masa a tafin hannu kusa da ita. Ya daɗe yana duban su. Shekara ashirin da huɗu mutumin nan bai taɓa haɗa ido da ni ba, sai ranar.

Na ce, "Sa rigarka, Ɗanjuma. Yau ba mai shiga." Na ja turmi na zauna a bakin rijiyar.